Abin da Lackson Ya Faɗa a Ƙofar Asibiti

Chisamba, Zambiya
16 ga Fabrairu, 1997

Kawu Shouren,

Gaisuwa mai yawa daga ’yarka Lamei. Yaya gwiwar taka? Ina fata sanyin bana bai tayar maka da ita ba. Ka gaida Mama, ka ce mata ta riƙa shan maganinta ko da ba ta ji jiri ba. ’Yata Yanzi kuma ka ja mata kunne a kan lissafi. Wannan ne karo na farko da sabuwar shekararmu ta gargajiya ta same ni ba a gida ba. Ni da mijina Baogen muka yanka kaza, kamar ba da kaji muke kwana muke tashi ba, muka ci da barkonon da Mama ta cusa mini a akwati.

Lafiyarmu ƙalau. Nan damina ce, hanya duk taɓo. Gonar ta fi girman yadda Baogen yake kwatanta mini a wasiƙunsa, ta kuma fi wari. Ni ke kula da ’yan tsaki da ƙwai, shi yana kai kaji kasuwar Lusaka tare da direbanmu, Lackson Zimba. Wannan Lackson yana zaune a ɗakunan bayan sito da matarsa Esnart da ’ya’yansu. Mutum ne mai surutu, yana tuƙi yana waƙar coci, kuma yana yi wa Baogen faɗa a kan motar kamar shi ya saye ta. Baogen yana rama masa da Turancinsa na hannu da ƙafa. Ban san yadda suke fahimtar juna ba, amma kullum da dariya suke dawowa.

Ni ce dai kurma a gidan nan. Ƙamus ɗin da ka ba ni na buɗe shi, na ga abin da ke ciki, na mayar da shi ƙarƙashin gado. Kawu, kai da ka yi shekaru kana koya wa ’ya’yan wasu Turanci, ka taimaki ’yar yayarka. Ka riƙa aiko mini da kalma ɗaya a kowace wasiƙa, yadda kaina zai ɗauka.

Ka fara da wannan. Ina yawan jin ma’aikata suna ce wa juna “sorry” a tsakar gida. Baogen ya ce neman afuwa ne. Haka ne? In haka ne, to mutanen nan suna yawan ɓata wa juna.

Taka,
Lamei

*

Fengcheng
10 ga Maris, 1997

Lamei,

Wasiƙarki ta iso, mun karanta ta tare a kan teburin abinci. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ba ta gaba ba ta baya. Mahaifiyarki tana shan magani in ina kallonta. Yanzi ta ci lissafi a wannan karon, amma ta faɗi a rubutu, wato ta gado ki.

Ƙamus ba matashin kai ba ne, amma tunda kin nema, ga darasi. Mijinki bai yi ƙarya ba. Idan kin taka ƙafar mutum, ko kin fasa masa kwano, ko kin makara kin bar shi yana jira, sai ki ce “sorry”. Ma’anarta: na yi laifi, a yafe mini. Ki lura da harafin tsakiya, kada ki mayar da shi “l” kamar yadda duk ’yan ajinku suka yi har kuka gama makaranta.

Kalmar tana da wasu fuskoki, amma zan bar su sai wani jiƙon. Na daɗe da gane cewa in ka ba ɗalibi ma’ana biyar a rana ɗaya, da ko ɗaya ba zai koma gida ba.

Sai dai ga gargaɗi. Kina ƙasar mutane, kada ki riƙa jefa kalmar nan ko’ina don ki nuna ladabi. Wani tsohon ɗalibina da ke ƙasar waje ya ba ni labari, motarsa ta gogi ta wani, ya fito yana cewa “sorry” don kunya, daga baya aka ce ai shi ya amsa laifi da bakinsa. Ki faɗe ta in ke ce da laifi. In ba ke ba ce, ki ja bakinki.

Ki gaida Baogen. Ki ce masa busasshen tsiron gorar da ya roƙa yana hanya.

Kawunki,
Wan Shouren

*

Lusaka
2 ga Afrilu, 1997

Kawu,

Na aiko wannan ta adireshin makarantarka don kada ta faɗa hannun Mama. Ina fata kuna lafiya. Mu kam ba lafiya.

Motarmu ta kife a hanyar dawowa daga kasuwa, makon jiya, ana tsakiyar ruwa. Baogen ya bugu a ka, ƙafarsa ta dama ta karye. Yana numfashi da kansa amma bai buɗe ido ba tun ranar. Likita ya ce a jira. Iyakar abin da na gane ke nan a maganarsa, shi ma sai da ya nuna mini agogo da kalanda.

Tsoho Gan, ɗan garinmu mai gonar kabeji kusa da mu, shi ya ajiye ni a bakin asibiti ya tafi neman wurin tsayar da mota. A ƙofa na tarar da Lackson zaune a ƙasa, rigarsa sharkaf da jini, hannunsa ɗaya ɗaure da tsumma. Yana ganina ya miƙe, ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, hawaye na zuba, yana cewa, “Sorry, Madam. Sorry. Sorry.” Ya yi ta magana, doguwa, yana nuna hanya, yana nuna sama. Ban tsinci komai ba sai kalmar nan taka. Kuma ba sau ɗaya ya faɗa ba.

Na tuna darasinka. Shi direba, shi ya fita da ƙafafunsa, mijina yana kwance kamar itace, ga shi kuma ya amsa da bakinsa. Me ya rage?

Washegari na koma gona na tara ma’aikata a tsakar gida. Na fitar da tukwanen su Lackson da tabarminsu daga ɗaki da hannuna. Na nuna masa ƙofa. Esnart ta durƙusa tana tafa hannu a hankali yadda suke yi in suna roƙo, yaran suna kuka. Lackson ya buɗe baki zai yi magana, na daka masa tsawa da yarenmu, na ce, “Ka riga ka faɗa! Me kuma za ka ƙara?” Ya dube ni, ya ɗauki katifa ya ɗora a ka da hannu ɗaya, suka fita. Da na gaya wa Tsoho Gan cewa direban ya amsa laifinsa, cewa ya yi na yi masa da sauƙi.

Gan ke kai mini kaji kasuwa yanzu. Ni ina asibiti. Kada ka gaya wa Mama, kada ka gaya wa Yanzi. In sun tambaya ka ce aiki ya yi yawa.

Lamei

*

Fengcheng
24 ga Afrilu, 1997

Lamei,

Mai gadin makaranta ya kawo mini wasiƙarki har gida, na karɓe ta a waje. Ban gaya wa kowa ba. Mahaifiyarki da Yanzi lafiyarsu ƙalau. Baogen mutum ne mai ƙashi, ya taɓa faɗowa daga rufin gidanku ya tashi ya ci gaba da aiki. Ki ci abinci, ki riƙa yi masa magana ko da kina ganin ba ya ji.

Yanzu ki karanta wannan a nutse, domin ya kamata a ce na rubuto shi tun a waccan wasiƙar.

Kalmar nan ba neman afuwa kaɗai ba ce. In ba ki ji abin da aka faɗa ba, kina iya cewa “sorry” da muryar tambaya, wato a maimaita. In za ki hana mutum abu cikin ladabi, da ita za ki fara. Amma wadda ta shafe ki ita ce wannan: ana faɗar ta ga wanda wani abu ya sama, ko da mai faɗar ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Jaje ce. Sannu ce. Wanda mahaifinsa ya rasu, maƙwabci zai ce masa “sorry”, kuma ba maƙwabcin ne ya kashe tsohon ba. Asalin kalmar ma daga ciwon zuciya ta fito. Wani lokaci ciwon na abin da ka aikata ne, wani lokaci na abin da ya sami ɗan’uwanka ne.

Ban ce direban nan ba shi da laifi ba. Ban san shi ba, ban ga hanyar ba. Abin da na ce shi ne, kalmar da kika riƙe ba ta isa shaida ba. Kin ce ya yi doguwar magana yana nuna sama. Wa ya fassara miki ita? Kin ce hannunsa ɗaure yake. Wa ya duba masa?

Ki nemi inda suka koma tun kafin sawunsu ya ɓace. Ki samu wanda ke jin Turanci sosai, ba Gan ba, a tambaye shi abin da ya faru. Sannan ki rubuto mini da gaggawa, ko layi biyu ne.

Kawunki

*

Fengcheng
30 ga Mayu, 1997

Lamei,

Muna lafiya, in dai wannan zaman za a kira shi lafiya. Ba ki amsa ba. Kullum sai na bi ta makaranta na tambayi mai gadi, har ya fara kawar da kai in ya hango ni.

Mahaifiyarki ba yarinya ba ce. Jiya ta ajiye sandunan cin abinci ta ce, “Shouren, tun kana ƙarami in kana ɓoye abu sai ka riƙa yabon miya. Me ya sami ’yata?” Na ce aiki ne. Ta ce, “Aiki ba ya cinye hannun rubutu.” Yanzi ta daina tambaya gaba ɗaya, wannan ya fi damuna.

Shirunki na karanta shi ta kowace fuska, kuma fuskar da ta fi zama mini a rai kin san ta. In Baogen ya tafi ne, ki faɗa mini, ni zan san yadda zan shigar da maganar gida. In kuma fushi kike da ni, ki yi fushin a takarda.

Kawunki

*

Chisamba
19 ga Yuni, 1997

Kawu,

Baogen yana raye. Ka fara gaya wa Mama wannan, sannan ka gaya mata sauran yadda ka ga dama. Mun dawo gona. Yana dogara sanda, maganarsa tana ɗan ja, amma ya san kowa, har ya fara ƙorafin cewa na cika gishiri. Ka rungume mini Yanzi.

Ka canka daidai, fushi nake da kai. Na kuma ji kunyar rubutowa. In za ka ba mutum wuƙa, ka gaya masa baki biyu gare ta.

Tun kafin wasiƙarka ta zo na fara jin wani abu ba daidai ba. Nas ɗin da ke wanke wa Baogen ciwo tana cewa “sorry”. Matar da ke jinyar ɗanta a gadon kusa da mu ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa ta ce “sorry”. Wata rana na zubar da ruwan zafi a ƙafata, ni da kaina, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, “Sorry, sorry!” Na ce a raina, su duka ne suka kifar da motar? Sai ga wasiƙarka.

Da Baogen ya farfaɗo, ya ɗauki lokaci kafin magana ta dawo. Ranar da ta dawo sosai ya ce, “Ina Lackson? Bai zo ba?”

Na ce, “Na kore shi.”

“Don me?”

“Shi ya kifar da ku.”

Ya ce, “Lamei, ni nake tuƙi.”

Ashe ya jima yana matsa wa Lackson ya koya masa mota a hanyar dawowa, in an sauke kaya. Ranar Lackson ya ce a’a, ya nuna masa hadari. Baogen ya ce motar wa ce? Ya karɓi sitiyari. Bayan sun kife, Lackson ne ya jawo shi ta taga, ya goya shi har bakin kwalta da karyayyen hannu.

Wata ma’aikaciyarmu, Beatrice, ta san inda suke, ta raka ni. Suna wata unguwa a Lusaka, a ɗaki ɗaya da iyalin wan Esnart. Na tafi da kaji biyu da tiren ƙwai. Lackson yana zaune a kan bulo a ƙofa, hannun ya kama amma ya ɗan karkace. Na tsaya a gabansa na ce, “Sorry, Lackson.” Har harafin tsakiyar na faɗa daidai.

Esnart ta karɓi kajin ta ce, “Mun gode, Madam.” Lackson ya ɗaga hannun ya dube shi ya ce, “Yana warkewa. Yaya maigida?” Suka ba ni kujera, suka kawo shayi. Muka zauna, na sha, na tashi. Har bakin hanya suka raka ni.

Kawu, na nemi afuwa an ce mini an gode. Wannan yafiya ce ko mene ne? Na dawo gida da nauyin da na tafi da shi.

Lamei

*

Fengcheng
11 ga Yuli, 1997

Lamei,

Mahaifiyarki ta yi kuka, ta zage ni, sannan ta tafi haikali ta kunna turare. Yanzi ta rubuta wa babanta takarda, tana cikin wannan ambulan. Mu duka lafiya. Fushinki na karɓa, yana kan hanya.

Abin da ya faru a gidan nan a fili yake. Kin zo da kaji wurin mai karaya kin ce “sorry”, sai suka karɓa a matsayin jaje, shi ya sa suka gode. Ko dai haka suka ji, ko kuma Lackson ya gane sarai ya zaɓi ya ji haka. Mutumin da aka watsar wa tukwane a gaban ’ya’yansa ba dole ne ya sauƙaƙa miki ba.

Ga abin da za ki faɗa, wanda ba shi da wata ƙofar fita: “I was wrong.” Wato ni ce na yi kuskure. Ki maimaita shi a gaban kaji har bakinki ya saba. Kada ki tafi da kyauta a hannu, don kada kyautar ta yi magana a madadinki. Kuma kada ki bi shi da “amma”, ko a Turanci ko a zuci.

Kawunki

*

Chisamba
10 ga Agusta, 1997

Kawu,

Ina gaishe ku duka. Baogen ya ajiye sanda a cikin gida, sai in zai fita. Takardar Yanzi tana aljihunsa, har ta fara yagewa a ninki. Nan sanyi ya fara raguwa, ƙwai ya ƙaru.

Na koma, hannu wofi. Lackson ya samu aikin tuƙa ƙaramar bas a cikin gari, don haka sai ranar Lahadi bayan coci na same shi, cikin kwat. Na faɗa masa yadda ka koya mini. Bai ce ya gode ba wannan karon. Ya yi magana a hankali, kalma kalma, yadda zan gane, Beatrice tana cike mini gurbi da hannu.

Ya ce, “Wancan zuwan ma na ji ki, Madam.”

Na tambaye shi me ya hana shi gaya wa kowa cewa Baogen ne ke tuƙi. Ya ce ni ya gaya wa, a ƙofar asibiti, ban ji ba. ’Yan sanda kuwa bai gaya musu ba saboda maigida ba shi da lasisi. Ya ce, “Kada ki ɗauka don ina son ku ne. Aikina nake karewa. Sai ga shi.”

Na ce ya dawo. Ya ce, “A nan kika kore ni? A tsakar gidanki kika kore ni, a gaban mutane. ’Yata har yau tana tambayata ko ni na kashe maigida.”

Lahadin da ta biyo suka zo gona, shi da Esnart da yaran. Na tara ma’aikata a inda na tara su wancan karon. Baogen ya fito da sandarsa ya ce shi zai fara, ya gaya musu wanda ke riƙe da sitiyari, da Turancinsa da kowa ya sani. Sannan ni. Na faɗi kalmomin da ka koya mini da ƙarfi, na sake faɗa ina kallon ’yar Lackson. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi dariya. Esnart ta ja ’yar tata jikinta ta faɗa mata wani abu a kunne da yarensu.

Lackson ya wuce mu ya tafi wurin motar, wadda aka gyara tun watan jiya. Ya zagaya ta, ya shuri tayoyin, ya ce wanda ya yi gyaran nan ɓarawo ne. Baogen ya miƙa masa makulli. Bai karɓa ba.

Ya ce, “Sai ƙarshen wata. Mai bas ya ɗauke ni lokacin da hannuna bai gama warkewa ba. Ni ba na barin mutum ba tare da na gaya masa dalili ba.”

Ni yake kallo da ya faɗi haka, kuma kowace kalma na gane.

Na sa an yi wa ɗakunan bayan sito farar ƙasa, an canza kwanon da ke yoyo. Esnart ta zo ta duba jiya, ta ce ƙofar ma ba ta rufuwa. Gobe kafinta zai zo.

Taka,
Lamei